Abin da ba a tambayar tsohon soja

Amaryata, na amsa gaisuwa. An karanta mini saƙonki, na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wato ranar Sallah kin je gaida Baba Saje, kika kafa masa waya a fuska, kika ce, "Tsoho, tsakaninka da Allah, mutum nawa ka kashe a yaƙin Biyafara?" Uwarki ta kai miki mintsini, ɗaki ya yi tsit, shi kuwa ya miƙe wai zai yi alwala, alhali ko ladan bai yi gyaran murya ba. Yanzu kina so in gaya miki ko wannan addini ne, ko al'ada ce, ko dai tsoron tsofaffi ne kawai. Har da kafa mini hujja, wai ai ƙanena ne, kakanki ne, akwai wasa tsakaninku.

Wasa kam akwai shi. Ki ɓoye masa hula, ki ce ya tsufa kin fasa auren, ki ce haƙoransa sun tafi sun bar shi, duk zai biya ki da goro. Amma ba kowace ƙofa wasa ke buɗewa ba.

Wannan abu ba a kan Baba Saje aka fara shi a gidanmu ba. Kafin shi akwai Baffa Kofur, ƙanen mahaifinmu, wanda ko uwarki ba ta yi masa sanin kirki ba. Shi yaƙin Hitila ya je. A zamanin, Bature ke aiko wa sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, a kawo majiya ƙarfi. Wasu da ƙafarsu suka tafi saboda kaki da albashi, wasu kuwa sai dai suka ji an rubuta sunansu. Baffa da kansa ya je, don an hana shi wata yarinya saboda ba shi da abin hannu. Aka horar da su a makarantar kurata ta nan Zariya, inda da Hausa ake ba da umarni, har Turawan ma dole su koya. A 1943 aka loda su a jirgin ruwa daga Ikko, suka zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu har Bombai, daga can aka nausa da su dajin Boma, ƙasar da kuke kira Miyanma yanzu, su yaƙi mutanen Japan. Runduna ta 81 ake ce wa tasu. Ya ce Bature ya rasa abin da zai manna musu a kafaɗa sai hoton gizo, baƙi a kan rawaya. 'Yan runduna ta 82 kuwa, waɗanda suka biyo su a 1944, nasu māsu biyu ne a gicciye bisa gammo, kuma gammon ba ado ba ne, don a dajin nan babu hanyar mota, a ka ake ɗaukar harsashi da abinci.

An gama yaƙi a watan Agusta na 1945, amma sai 1946 muka gan shi, saboda jiragen kwaso su ba su wadata ba. Ina yaro lokacin, ban kai kaciya da daɗewa ba, amma ranar tana idona. Tun da hantsi tashar jirgin ƙasa ta cika. Masu kalangu, masu guɗa, 'yan tallan gyaɗa da rake, 'yan doka da bulala suna korar mu daga bakin dogo muna dawowa. Mahaifinmu ya ɗora ni a wuya. Da jirgi ya tsaya, sai kaki ya yi ta zubowa daga taragu, kowa da jakar zane da akwatin ƙarfe. Nan a rungume wannan, can wata ta faɗi sumammiya don murna. Akwai wata tsohuwa daga ƙauyen da ke gabas da namu, ta bi tarago ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa, tana kiran laƙabin ɗanta, don ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa. Har jirgi ya tashi tana tsaye. Wani saje ne ya je ya tsuguna gabanta, ya cire hula, suka yi magana ƙasa-ƙasa.

Baffa kuwa da ƙyar muka gane shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa, tafin hannunsa ya yi ɗorawa saboda ƙwayar maganin zazzaɓi da ake ba su kullum. Wani maroƙi ya tare shi yana wasa shi, na Boma gagara badau, mai aika maza lahira. Baffa ya laluba aljihu ya ba shi sule, ya ce, "Na biya ka, yi shiru." Ban taɓa ganin an biya maroƙi don ya rufe baki ba sai ranar.

Da muka iso gida, kakarmu, wadda muke kira Iya, ba ta bar shi ya wuce zaure ba. Ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta aiko da ƙwaryar ruwa, sa'an nan fura. Aka kira wanzami ya yi masa aski tas. Aka kai ruwan wanka. Kakin nan da takalmin aka naɗe, aka jefa cikin akwatinsa, aka ba shi farar rigar mahaifinmu, ta yi masa yawa har yana tattarewa. Liman ya zo ya yi addu'a, aka raba waina ga almajirai. Sai bayan duk wannan ya shiga ɗakin uwarsa. Abin da suka faɗa wa juna a ciki, su biyu suka sani.

Da maraice ƙofar gida ta cika da masu barka da sauka. Ana ta sannu da hanya, Allah ya huta gajiya, ina ka baro su wane. Can sai wani saurayi ɗan masu gari, wanda an san yadda aka yi sunansa bai shiga takardar soja ba, ya gyara zaman hula ya ce, "To Kofur, ba mu labari mana. Nawa ka kashe?" Baffa ya zuba wa ƙasa ido. Ba wanda ya yi motsi. Sai muka ji muryar Iya daga bayan zana, ita da ba a jin maganarta a gaban maza: "Mai son lissafin, me ya hana shi zuwa ya ƙirga da kansa?" Saurayin nan ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba.

Daren nan na ji tana ce wa matan gida, wanda ya dawo daga bakin dāga ruwa ake miƙa masa, ba tambaya ba. Kuma duk wadda ta ji yana magana cikin barci, ta riƙe a cikinta, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da na girma na taɓa ji mahaifinmu yana yi wa wani bayani. Ya ce tambayar nan ba ta da amsa mai kyau. In ya ce ban kashe kowa ba, 'yan zaman kashe wando su ce ashe dako ya je yi. In ya ce da yawa, yara su riƙa gudunsa, matarsa ta riƙa kallon hannunsa in ya ɗauki wuƙar yanka. In ya yi ƙarya, ka jawo masa zunubi. In kuma bai sani ba, don a dajin da ba ka ganin taku goma gabanka harbi kawai ake yi, to ka tayar masa da lissafin da shi kansa yake yi da dare. Mahaifinmu ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada ki ɗauka Baffa bebe ya zama. In ya sami goro mai kyau da 'yan sauraro masu haƙuri, sai a kai tsakar dare. Ya ba mu labarin teku, yadda ake wayewar gari a yini ba tudu ba tsuntsu, da yadda 'yan Arewa suka yi ta amai har suna wasiyya. Ya ba mu labarin kogin Kaladan, da gora mai kaurin cinya wadda da ita suke yin gado da gada da kwale-kwale har da kofin shan shayi. Da damina mai wata da watanni ba ɗagawa, da matsattsaku da ke shiga takalmi, sai an ɗana musu wutar taba su saki. Da yadda jirgin sama ke jefo musu shinkafa da gwangwani a laima, kowa na kallon sama yana kaucewa kada buhu ya karya masa wuya. Yana alfahari da cewa Sarkin Katsina Usman Nagogo ya taka har can ya gaida sojoji. Ya ce ganin rawani kawai a ƙasar nan ya sa ƙarti hawaye. Yakan ambaci Myohaung, garin da rundunonin nan biyu suka kama a watan Janairu na 1945, amma da an zo nan sai ya ce dare ya yi.

Ke da kike Kaduna, barikin Kalapanzin da kike wucewa, sunan wani kogi ne a can. Barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a Legas, da na Chindit a nan Zariya, su ma duk daga yaƙin Boma sunayensu suka fito. Kuna faɗin sunayen kullum kuna kwatancen inda za a sauke ku.

Abu guda ne bai taɓa fasawa ba har ya koma ga Allah. Kowace shekara in sanyi ya shigo, sai ya sayi waina ya raba, ya ce sadakar wani abokinsa ce, mutumin ƙasar Tibi, ɗan ɗaukar kaya. Wani malami ya ce masa ai mutumin ba Musulmi ba ne. Baffa ya ce, "Malam, shi da ya goya ni bai tambaye ni addinina ba." Iyakar abin da muka sani game da mutumin ke nan. An ce akwai wata maƙabarta kusa da Rangun inda aka sassaƙa sunayen dubban waɗanda ba a ga gawarsu ba, har da 'yan Afirka ta Yamma.

To na Baba Saje ya fi wannan nauyi, shi ya sa na ce jikina ya yi sanyi. Baffa baƙi ya yaƙa, mutanen da bai san sunansu ba, bai taɓa cin kasuwa da su ba. Shi kuwa ƙanena, kafin rikicin 1966, a Sabon Gari yake koyon gyaran keke, kuma maigidansa Ibo ne, matar maigidan ke zuba masa abincin rana. A 1967 ya shiga soja, gemu bai fito masa ba, aka yi musu horon gaggawa aka tura su runduna ta biyu, ta Murtala. Yana cikin waɗanda aka zuba a jiragen ruwa a watan Oktoba don su ƙetare kogin Kwara daga Asaba su kama Anacha, aka yi ta nutsar da su. A wannan watan kuma aka yi wa mazan Asaba kisan da har yau garin ke makokinsa. Abin da idonsa ya gani, da inda yake tsaye, ni da muka sha nono ɗaya ban tambaye shi ba. Da aka gama a watan Janairu na 1970, Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Iya ta riga ta rasu, sai mahaifiyarmu ta yi masa yadda aka yi wa Baffa: zaure, ruwa, aski, farar riga. Bai sake taɓa sifana ba, noma ya koma.

Ku 'yan yanzu komai sai an ɗauka an watsa. Yaro ya faɗi a dajin Borno, kafin a je a tsuguna gaban uwarsa a cire hula, ta riga ta ga hotonsa a Facebook, wani har ya rubuta addu'a a ƙasa da kuskuren suna. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, manya su ajiye furanni, a saki tattabaru, a busa begila, washegari 'yan mazan jiya su koma layin fansho da sanduna. Ba ke kika yi ba, amma a ruwan kika tashi.

Ban ce son da kike yi a adana labari laifi ba ne. Shirun nan ya rufa wa mutane asiri, ya kuma tafi da abubuwa da yawa. Jikokin Baffa yau ba mai iya gaya miki ko gabas ya je ko yamma. Lambobinsa, har da tauraron nan na Boma mai tsini shida, suna ƙasan adakar goggonki, ta haɗa su da tsofaffin 'yan kunne. Maganar ko addini ne kuwa, ga malamai nan birjik a wayarki, ni dai ban ji Iya ta jawo aya ba.

In za ki koma wurin Baba Saje, kuma ya kamata ki koma kafin azumi, ki bar wayar a jaka. Ki riƙa masa farin goro da ɗan turare. Kada ki ba shi haƙuri, sai ki ƙara kunyata shi, ki shiga da tsiyarki kamar kullum. Ki tambaye shi takalmin da aka ba shi ranar farko, wanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ko yadda ya fara cin garin rogo da kifin gwangwani. Wannan zai kai ku magariba. Ki je ba sau ɗaya ba.

Ki ce wa uwarki na ce ta rage mintsini, kin yi girma. Maganin ƙafar da ta aiko ya kusa ƙarewa, wannan karon mai jan murfin nake so, wancan wari ne da shi.