Fanka na juyawa, fuska baƙi ƙirin

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kwamfutata ta hannu, ta gwanjo ce, tana jone aka ɗauke kuran. Da wuta ta dawo sai ta ƙi tashi. Ƴar fitilarta na kamawa, fanka na juyawa, amma fuskar baƙi ƙirin. Mai gyara ya ce sai an goge ta an sake zuba Windows, alhali kundin kammala karatuna na ciki. Ƙaƙa zan yi?
Wata ɗaliba daga Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam, malama. Kada ki yarda a goge. Kwamfutar da ko tambarin kamfaninta ba ta nuna ba, ba ta ma kai ga Windows ba, ciwon yana can baya.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. Zare caja da duk wani abu da ke jone, ki cire batir in mai fita ne, ki danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ta maƙale ta fita. Sai ki mayar da caja kaɗai ki kunna. Duba kuma rubutun da ke jikin cajar: yawancin HP da Dell volt 19.5 suke so, Lenovo 20, Acer da Asus 19. Cajar da ake cewa tana yi wa kowace kwamfuta, mu ba mu yarda da ita ba.

In ba ta tashi ba, haska fuskar da tocila cikin duhu. Kin hango rubutu dishi-dishi? To fitilar bayan gilashin ce ta mutu. Jona ta da talabijin ta wayar HDMI, za ki ga aikinki.

Amma mun fi zargin RAM, wato ɗan siririn katin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai na ɗan lokaci. Ƙurar hunturu na shiga ramin da take ciki, zafin bazara kuma na sa ta sassauta. A kashe, a cire caja da batir, a buɗe murfin ƙasa. Ƙarafa biyu ke riƙe da ita a gefe. In aka tura su waje za ta ɗago da kanta. A goge haƙoranta masu ruwan zinariya da magogin fensir, a mayar a karkace, a danna sai ta ce ƙas. In biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wasu kwamfutoci RAM ɗinsu a manne take da babban allon da ke cikin na'urar, waɗannan sai gwani. Tsohuwar na'ura kuma a auna mata ɗan batirin agogo, galibi CR2032 ne mai volt 3.

In tambari ya fito, danna F10 a HP ko F2 a Dell ki shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ke zuwa kafin Windows, ki ga ko tana ganin faifan ajiya. In har yanzu shiru, wataƙila dawowar wutar ta ƙona wani abu a babban allo. Kafin mai gyara ya taɓa shi, sa ya cire faifan, ya sa a akwatin USB, ki kwashe kundinki a wata kwamfutar kina tsaye. Kwamfutar da aka kulle faifanta da BitLocker, wato makullin tsaro na Windows, za ta nemi mabuɗi mai lamba 48, yawanci yana cikin asusunki na Microsoft.