Almasihu da halittar duniya

Ɗan'uwa, ka tambaya: in Maryamu ce ta haifi Almasihu, ta yaya Kirista ke cewa ta wurinsa aka halicci duniya? A koyarwarmu, ba a Baitalami, garin da aka haife shi, ya fara kasancewa ba. Yohanna 1:1-3 ya kira shi Kalma, tun fil'azal yana tare da Allah, Allah ne kuma, ta wurinsa aka yi kome. Jiki ne ya ɗauka daga baya.

Sai dai kada ka tsaya a aya ɗaya. A ajinmu na Lahadi nan Maradi, wani dattijo yakan ɗora yatsa kan Farawa 1, inda Allah ya yi magana haske ya bayyana, sannan ya buɗe Kolosiyawa 1:16, inda aka ce ta wurin Almasihu aka halicci dukan abubuwa. Ni kaina sai da na jera su haka maganar ta zauna mini.