Tambaya da Amsa: Nawa kake samu a wata?

Tambaya: Salam Malam. Ni tela ne, kwanaki ma'aikatan ƙididdiga suka zo layinmu suna tambayar nawa mutum ke samu a wata, gaskiya na rage musu sosai don tsoron kada a turo min 'yan haraji. Wai me ya hana gwamnati ta duba takardun albashi kawai ta ƙyale mu? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ba kai kaɗai ke ragewa ba, kuma ko ka so faɗin gaskiya ma tambayar tana da wuya ga irinku, wane watan za ka faɗa, na azumi da kuke kwana kan keke ko na bayan Sallah da shago ke yin tsit? Shi ya sa mutane sai su ce dubu 50 ko dubu 100 kawai, wani gidan ma uwargida ce ke amsawa a madadin maigida alhali bai taɓa gaya mata abin da ke aljihunsa ba. A Amurka an sha gwada amsar da mutane suka bayar da abin da ke rubuce a rajistar gwamnati, sai aka ga masu ƙaramin samu sukan ƙara, masu babban samu kuma su rage. Ka ga ke nan ratar da ke tsakanin mai shi da talaka sai ta fito ƙasa da yadda take, wannan shi ya fi damuna wallahi, don da waɗannan alƙaluman ake tsara tallafi.

Takardun albashin da kake magana kuma su ma ba tsarkakakku ba ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wato NBS, da kanta ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis suke ba, to kai da mai shayi da ɗan acaɓa a wace takarda za a same ku? Waɗanda ke ciki ma akwai ma'aikatan bogi, dalilin da ya sa aka kawo IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya ta kwamfuta, a 2007 ke nan. Sannan takarda za ta nuna mafi ƙarancin albashi naira 70,000 kamar yadda dokar 2024 ta ce, amma ba za ta nuna watan da aka biya rabi ba, ko malamin firamaren da ke tafiya gona da yamma.

Shi ya sa da NBS ta auna talauci a 2018/19 abin da gida ke kashewa ta bi, ba abin da aka ce ana samu ba, ta sa layin talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, kashi 40.1 cikin 100 na mutane suka faɗa ƙasa da shi.

Batun haraji kuwa, dokar ƙididdiga ta 2007 ta wajabta a ɓoye sirrin mai amsa. In sun dawo ka nemi ganin katin aikinsu, sannan ka faɗa musu na watan azumi da na watan da babu ɗinki, duka biyun.