Hukuncin sakin ruwan ƙazanta cikin rafin da wasu ke sha

Tambaya: Allah gafarta Malam, ƙauyenmu yana da tafki ɗaya da ruwan bayi da na wanki ke taruwa. In ya cika sai a sake shi cikin rafi. Mutanen da ke gangaren rafin sun kawo kuka cewa yaransu na fama da gudawa, kifi kuma yana mutuwa. Dattawanmu sun ce ruwa mai gudu ba ya najasa, don haka babu laifi a kanmu. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, maganar dattawan naku tana da asali, amma sun ajiye ta a inda ba muhallinta ba. A wurin Malikiyya ruwa yana nan da tsarkinsa muddin najasa ba ta canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba. Wannan babin alwala ne. Abin da kuke yi kuwa yana babin cutarwa, kuma a nan hadisin da Imam Malik da Ibn Majah suka ruwaito shi ke hukunci: babu cuta, babu cutarwa. Abu Dawud ma ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa Annabi (SAW) ya yi hani ga abubuwa uku masu jawo tsinuwa, na farkonsu yin bayan gida a mashayar ruwa. In an hana mutum ɗaya, ina ga gari guda?

Ƙwayar kwalara ko ta taifot ba ta da launi, ba ta da wari. Uwa za ta ɗebo ruwa garau a kofi ta ba jaririnta, cutar tana ciki. Mutuwar kifin ma ba abin mamaki ba ce: ƙazantar taki ce ga gansakuka, gansakukar ta yi yawa ta ruɓe, ta cinye iskar oksijin ɗin ruwan, shi ya sa da asuba ake ganin kifi ya taso ciki sama.

Saboda haka sakin ruwan nan haramun ne tun daga ranar da kuka san yana cutarwa, kuma asarar da masana suka tabbatar daga gare ku take, lamuninta yana wuyanku.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙauye ba. Maimakon tafki ɗaya, a jera uku: na farko mai zurfi, inda dauɗa da ƙwayayen tsutsar ciki ke kwantawa, sauran biyun marasa zurfi, inda rana da tsawon kwanaki ke kashe ƙwayoyin cuta. Ku nemi ma'aikatan lafiya su auna ruwan kafin a sake shi. In ya tsarkaka har alamun najasa suka gushe, kuma babu cutarwa, ya halatta a yi amfani da shi. Haka Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta yanke a 1398 bayan Hijira, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmin duniya) a Makka ma ta bi sahu a 1409.

Kafin aikin ya kammala, in tafkin ya cika dole sai an buɗe, wajibi ne ku aika wa maƙwabtanku tun da wuri, su tanadi ruwa, su kuma tafasa na sha.

Wallahu a'alam.