Ko An Taɓa Yin Girgizar Ƙasa a Najeriya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu. Matasa sun ce ba a taɓa girgizar ƙasa a Najeriya ba, wani dattijo ya ce an yi. Ga shi kuma katangar gidanmu ta tsage bana. Ina gaskiyar take? Daga mai karatu a ƙauyen Dambatta, Jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dattijo ne da gaskiya. An yi, sai dai ƙanana ne. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a watan Satumba 2016, da Mpape ta Abuja a Satumba 2018. Masu ƙarfi kuwa a maƙwabta aka yi su. Ta Akara, babban birnin Gana, ranar 22 ga Yuni 1939, ta rusa gidaje, har a Legas an ji ta. Ta ƙasar Gini a Disamba 1983 ta hallaka ɗaruruwan mutane.

Ƙasarmu tana nesa da bakin manyan faifan duwatsun ƙarƙashin ƙasa, waɗanda gogar junansu ke haddasa girgiza, shi ya sa ba mu ganin irin ta Turkiyya ta 2023. Amma akwai tsofaffin tsagogi a ƙarƙashinmu, kuma sukan motsa jefi-jefi.

Katangarka fa? Da wuya girgiza ce. Ƙasar laka takan kumbura da damina, ta tsuke da rani, sai tushen gini ya sauka ta gefe ɗaya. Shafa siminti kaɗan a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata. In ya sake tsagewa cikin makonni, tushen yana ci gaba da sauka, a nemo magini kafin ruwa ya sauka, a kuma kawar da indararo daga gindin katangar.

Abin da ke damunmu shi ne ƙarancin rubutu. Tarihin girgizar da aka yi kafin zuwan na'urori, daga bakin shaidu aka tattara shi. Don haka in kun ji motsi, ku rubuta rana da lokaci, da tsawon daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Ruwan randa ya yi tangal-tangal? Kwanuka sun faɗo? Ƙauyuka nawa suka ji? Ku bincika ko ana fasa dutse da nakiya a kusa, don shi ma yakan girgiza gida. Sai dagaci ya kai bayanin ƙaramar hukuma, a miƙa wa cibiyar da ke auna motsin ƙasa a Toro, Jihar Bauchi.