Amsa: buhunan albasa da farashi a zane ɗaya cikin Excel

Malam, ka ce kana son yawan buhunan albasar Galmi da kuke saidawa kowane wata a Tawa ya fito a ginshiƙai, farashin buhu kuma a layi, amma ginshiƙan sun ƙi tashi daga ƙasa. Maganinsa ka ba farashin ma'auninsa (jerin lambobin gefen zane) daban a hannun dama. Zaɓi jadawalin duka har da kanun sama, ka shiga Insertion ka ɗauki Graphique combiné (na san yawancinmu Excel na Faransanci muke da shi). A akwatin da zai buɗe, bar buhuna a Histogramme groupé (ginshiƙai), ka mai da farashi Courbe (layi), sannan ka sa alama a Axe secondaire (ma'auni na biyu) a gaban farashi shi kaɗai. Wannan daga Excel 2013 ne zuwa sama. A na 2010 sai ka danna ginshiƙin farashi a cikin zanen da maɓallin dama na linzami ka canza shi da hannu.

Dalili kuwa, buhu 300 da sefa 15000 ba sa zama kan ma'auni ɗaya, babban adadin ne ke danne ƙaramin. Amma ka duba yadda aka shigar da farashin. In an rubuta "15000 F" cikin gidan jadawalin, Excel rubutu yake ɗaukarsa, layin ya kwanta kan sifiri ko da ka raba ma'auni. Goge harafin, ka bar lamba zalla. Kuma ka rubuta sunan kowane ma'auni, don mai dubawa kada ya karanta farashi a gefen buhuna.