Filin Allura da Zare: Tambayoyinku kan ɗinkin jakar hannu a gida

Assalamu alaikum. Ina da ragowar atamfa kusan yadi ɗaya da keken ƙafa Butterfly. Riguna nake ɗinkawa, ban taɓa yin jaka ba. Ina son wadda za ta ɗauki waya, walat, hijabi da ƙaramar robar ruwa. Ta ina zan fara?
*Wata amarya, Garwa*

Wa alaikumus salam, amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Yadi ɗaya ya ishe ki har da saura. Sai dai ki sani tun yanzu, atamfa fuska ce kawai. Abin da ke ɗaukar kaya shi ne gam ɗin da ke bayanta, wato ƙyallen da ake manna mata da dutsen guga don ta yi ƙarfi, da shafi, da hannu, kuma a nan ne kuɗinki da haƙurinki ya kamata su tafi.

Ki fara da wanki. Ki wanke atamfar da yadin shafin, ki shanya a inuwa, ki goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma sitacin da ke jikin sabon yadi yana hana gam kamawa.

Ga awon jakar da za ta fito da faɗin gindi santimita 30, tsayi 26, zurfin ciki 10. Ki yanka atamfa biyu, kowace 42 a faɗi, 33 a tsaye. Shafi ma biyu, 42 da 32. An rage masa santimita ɗaya don kada ya taru a gindin jaka. Gam na guga mai kauri shi ma biyu, 40 da 31, wato ya gaza atamfar da santimita ɗaya ta kowane gefe, don kada ya shiga cikin ɗinki ya ƙara masa kauri. Na hannu kuwa ƙyalle biyu, 10 da 60, a yanka su bin tsawon yadi, kusa da bakin zane, domin ta nan yadi bai cika miƙewa ba. In atamfar mai babban fure ce, ki ɗora awonki a kai ki duba inda furen zai faɗa kafin almakashi ya taɓa ta. Fure rabi a gaban jaka yana ɓata aiki mai kyau.

Gefen gam mai kaushi shi ne mai manne, shi zai kalli bayan atamfa. Ki shimfiɗa ƙyalle mai ɗan laima a kai, ki danna dutsen guga daƙiƙa 10 zuwa 15, ki ɗaga, ki matsa gaba. Dannawa ake yi, ba gogawa ba. Ki bar shi ya huce a shimfiɗe kafin ki motsa shi.

Sannan a kusurwoyi biyu na ƙasa na kowane yanki, atamfa da shafi duka, ki cire murabba'i 5 da 5. Ki haɗa atamfa biyu fuska da fuska, ki ɗinke gefe biyu da gindi, kina barin santimita ɗaya a baki. Ki buɗe kusurwar da kika yanke, ki haɗa ɗinkin gefe da na gindi su hau kan juna daidai, ki ɗinke ta a miƙe, sau biyu. Wannan ne ke ba jaka mazauni. Haka za ki yi wa shafi, amma ki bar kafa ta santimita 14 a gindinsa. In kina son aljihu, ki ɗora shi a kan shafi tun yana shimfiɗe, kafin haɗawa.

Hannu: ki ninka ƙyallen biyu a tsawonsa, ki goge, ki buɗe, ki kawo bakuna biyu tsakiya, ki sake ninkawa. Zai fito da faɗin santimita 2 da rabi, ninki huɗu. Ki bi gefe biyu da ɗinki. Ki juya atamfar fuskarta a waje, ki ɗora hannun yana kallon ƙasa, santimita 6 dama da 6 hagu daga tsakiya, bakinsa ya zarce bakin jaka da santimita 3. Ki cusa ta cikin shafi fuska da fuska, ki zagaye baki da ɗinki, ki zaro komai ta kafar nan, ki rufe kafar. Ki goge bakin, ki bi shi da ɗinkin sama. Saura ƙarfafa hannu, kuma amsarsa na nan tafe.

Jakunkuna uku na ɗinka wa ƙannena, duka hannunsu ya tsinke daga jiki kafin wata biyu. Zare ne ba shi da kyau?
*Babbar yaya, Kusiri*

Yaya, da wuya laifin zare ne shi kaɗai. Ki duba inda ya rabu. In yadin jakar ne ya yage ya bar zare lafiya, to duk nauyin ya rataya ne a kan layin ɗinki guda, a santimita ɗaya na bakin hannu. Shi ya sa muka ce a bar wutsiyar santimita 3. Bayan an juya jaka, wutsiyar nan tana kwance tsakanin atamfa da shafi. Ki lalubo ta da yatsa, ki ɗinka murabba'i a kanta ta waje, ki ratsa shi da layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Nauyi ya bazu ke nan.

In kuma zaren ne ya tsinke, ki koma zaren roba mai ƙarfi, wato polyester, ba mai miƙewa ba. Na auduga da ya daɗe a shago yana shan rana yakan rube. Kada ki matse ɗinki sosai da nufin ƙarfi. Huji kusa da kusa yana yanka yadi. Tazarar milimita 3 ta isa.

Ga masu hawa babur kullum, ko masu tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena da kaya, hannun rataya a kafaɗa ya fi, tsawon santimita 110 zuwa 120, kuma a zura ɗamarar nailan a cikin ninkin. Atamfa zalla a wannan tsawo takan murɗe ta zama igiya.

Jakata tana da kyau a rataye, amma da na ajiye ta sai ta zube. Gam mai kauri yana wuyar samu a wajenmu. Wata ta ce in sa kwali.
*Hajiya, Abeshe*

Hajiya, ki rufa wa aikinki asiri, ki bar kwali. Ruwan sama ɗaya, ko robar ruwa ta yi yoyo a ciki, ya jiƙe ya dagargaje, kuma ba halin ciro shi sai an farke jaka. Ko bai jiƙe ba, inda ya karye ya karye ke nan.

Tsayuwar jaka gida biyu ce, ta jiki da ta gindi. Ta jiki, in babu gam mai kauri, akwai hanyoyi. Gam mara kauri ninki biyu, ana manna ɗaya ya huce sannan a ɗora na biyu. Ko tsohon wandon jins ko kaki, a shimfiɗa a bayan atamfa a bi su da layukan ɗinki masu tazarar santimita 4. Ko soso siriri mai kaurin milimita 3 zuwa 5, shi ma a bi shi da layuka; wannan ya fi kowanne ba jaka cika da taushi, kuma yana kare waya. Wasu na sa buhun shinkafa da aka wanke. Yana tsayawa, ba ya tsoron ruwa, amma yana ƙara in an taɓa shi, bakinsa na warwarewa, kuma dutsen guga na narkar da shi. Ya dace da jakar cefane, bai dace da ta biki ba.

Ta gindi kuwa, ki samu tsohuwar jarkar roba, ki yanko gefenta mai shimfiɗe, 29 da 9 in awon da muka bayar a sama kika bi. Ki zagaye kusurwoyinta da almakashi, ki goge bakin da dutse ko takardar yashi, in ba haka ba za ta huda shafi. Ki ɗinka mata riga da ragowar yadi, ki ajiye a gindi ba tare da kin ɗinke ta da jaka ba, don ki riƙa cirewa ranar wanki.

Wani abu kan shadda, tunda mun san ana sonta. Ƙyallinta daga sitaci da bugu yake, gam ba ya kama ta da kyau, in kuma kin wanke ta don ya kama, ƙyallin ya ragu. Ita a yi mata abin da ake ɗinkawa, ba wanda ake mannawa ba. Kuma kowace irin jaka ce mai gam, kada a bar ta cikin mota a rufe a zafin Maris da Afrilu, manne yakan saki ya yi ƙuraje a fuskar yadi.

Ni tela ne, mata sun fara kawo mini aikin jaka. Da na iso wajen da hannu ya haɗu da baki sai allura ta karye, ko keke ya riƙa tsallake ɗinki, ƙasa kuma zare ya cukurkuɗe.
*Wani tela, Ngaundare*

Malam, matsala uku ce ka haɗa. A wurin nan yadi ya kai ninki shida ko fiye, allurar riga mai lamba 14 ba za ta iya ba. Ka sa 16, in da jins a ciki 18, sabuwa, kuma doguwar kwarinta ta kalli gefen da zare ke shigowa. Kafin ka ɗinka, ka ɗora wurin a kan katako ka bubbuga shi da guduma ta saman wani ƙyalle, zai kwanta.

Tsallake yana zuwa ne in ƙafar da ke danne yadi ta karkace, gabanta a kan tudu, bayanta a ƙasa. Ka ninka ƙyalle ka cusa ƙarƙashin bayanta ta daidaita, ka sauke ƙafarka daga feda, ka juya keken da hannu har ka wuce tudun. Kada ka ja yadi ta baya. Ja yana lanƙwasa allura ta bugi ƙarfe, karyewar ke nan.

Cukurkuɗewar ƙasa kuwa, yawanci daga zaren sama take. Ka ɗaga ƙafar, ka zare zaren gaba ɗaya, ka sake zura shi ya shiga tsakanin faya-fayan da ke matse shi, ka riƙe bakin zare biyu a ɗinki uku na farko. A lokacin hunturu ƙura da gashin yadi na cika ƙarƙashin haƙoran keke; ka buɗe ka share, ka ɗiga man keke. Ban da man gyaɗa, don Allah. Yana daskarewa ya yi danƙo ya kama keken.

Zif ɗina yana fitowa kamar igiyar ruwa.
*Ɗaliba, Marwa*

Ƙanwata, kina jan yadi ne zif na tsaye. Ki manna siririn gam a bakin yadin, ki riƙe zif ɗin da ɗinkin hannu tukuna, ki sa siririyar ƙafar zif, ki ɗinka gefe biyun daga kai ɗaya zuwa ƙarshe ɗaya. Na jaka mai lamba 5 ne. In na awo kika saya, ki toshe bakinsa biyu da ɗinki kafin ki ja kan, in ba haka ba ya fice a hannunki.

Jakar da na yi da jan yadi ta ɓata wa wata farar lafaya. An ce in jiƙa yadi da gishiri. Kuma ina son in sa hannun fata irin ta garinmu.
*Maman biyu, Marwa*

Maman biyu, gishiri ba ya ɗaure rinin yadin da ya riga ya fito daga masana'anta, ko da yake mutane da yawa sun yarda da shi. Gwaji ne mafita. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a yadin da ƙarfi. In ya ɗauki launi, ki yi ta wankewa har ruwa ya fito fes, ki sake gwadawa. In har yanzu yana zuba, bai dace da jaka ba, domin jaka kullum tana gugar tufa, ga gumi. Baƙin rini na shuni da ja mai duhu su suka fi wannan hali. Shafi kuma ki zaɓi mai haske, don a riƙa ganin abin da ke ciki. Zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, na shekarun baya, irin na kamfanin CICAM mai masaƙa a Garwa, da yawa na kwance a akwatuna saboda shekarar da ke rubuce a jiki. In an wanke shi yana yin shafi mai kyau.

Fatar Marwa ta yi suna, kuma hannun fata na ɗaga darajar jakar atamfa. Ita ma ki yi mata gwajin farin ƙyalle, musamman ja. Fatar akuya siririya ce, tana miƙewa, don haka a naɗe ta a kan ɗamarar nailan. Kada ki soka mata fil, huji a fata ba ya rufewa. Ki riƙe da matsin shanya. Allurar fata, tazarar milimita 4, kuma ba a komawa baya a kan ɗinki, sai a ɗaure bakin zare da hannu. In kekenki ya gaza, ki kai wa dukawa su kafa miki. Jaka mai fata ba a tsoma ta a ruwa, goge ta ake yi.

Ina sa hotunan jakunkunana a WhatsApp, ana yabawa, amma in na faɗi kuɗi sai a ce ta kasuwa ta fi araha.
*Wata 'yar'uwa, Njamena*

'Yar'uwa, ki fara sanin abin da jakar ta ci. Ki rubuta atamfa ko da ragowa ce, shafi, gam, zif, zare, allura, gawayin guga ko wuta, da kuɗin babur zuwa kasuwa, ki raba wa jakunkunan da suka fito. Ki ɗora ladan awoyin da kika zauna, gwargwadon abin da tela zai samu a ɗinkin riga na wannan lokaci, sannan riba. In kin yanka biyar a zama ɗaya, kika yi hannayensu a zama ɗaya, lokacin kowace zai ragu sosai.

A hoto, ki cusa tsumma a ciki ta tsaya, ki ɗauka da safe a inuwa, jikin bango mara ado. Mai saye ba ta ganin bambancin taki da ta roba mai ɓarewa in fuska kawai kika nuna mata. Ki ɗauki cikin jakar, da aljihu, da murabba'in da ke riƙe hannu, ki rubuta faɗi da tsayi da santimita. Wadda ta zo da nata yadin, ki karɓi rabin kuɗi kafin ki yanka.